Mashigin da Ba Gada

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Jiya bayan cin abinci suka faɗa min. 'Yata ce ta yi maganar, mijinta yana ta juya cokali a kofin da ya riga ya shanye. An ba shi aiki a wani ƙaramin gari: ɗakin duba dabbobi nasa shi kaɗai, da gida mai ɗaki uku da tsakar gida. Makarantar garin kuma tana neman malamar lissafi, kamar don ita aka buɗe gurbin. Mako uku aka ba su su amsa.

Na ce, "To."

Ta ce, "Baba, to ɗin yarda ko to ɗin fushi?"

Na ce, "To ɗin na ji."

Shekara biyu ke nan suna zaune a ɗakuna biyun baya na gidan nan. Ban taɓa cewa sun takura min ba. Ban kuma taɓa cewa ina jin daɗin zamansu ba. Ni ba mutumin faɗar irin wannan ba ne.

Cikinta wata huɗu. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Tsakiyar marka zai faɗa.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Surukina, wanda a fili nake ce wa Likita, a nan kuwa Likitan Awaki, ya kawo min hotunan gidan a wayarsa. "Baba, ga ɗaki na uku, naka ne. Tagarsa gabas take kallo." Na ce ni rana ta gama fito min. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Yaron ba shi da laifi. Shekara shida ya yi yana karatu, ya ƙare a tsaye bayan kantar wani yana sayar da maganin ƙuman karnuka ga mutanen da ba sa amsa gaisuwarsa. Na san ciwon. Ni ma na ɗaya na zo a ajinmu, aka tura ni ƙarin karatu shekara uku, na dawo ina jin duk ƙasar da ke duniya da tef ɗina za a auna ta. Shekara ashirin da uku ina aikin safiyo, awon filaye da hanyoyi, ban taɓa ƙara taku ɗaya ba, ban rage ba. Ranar da aka ce in matsar da dutsen iyaka mita huɗu don a daɗaɗa wa wani mai tumbi, na ƙi. Ba a kore ni ba. Makullin ɗakin tsofaffin taswirori aka ba ni, na yi shekara goma sha ɗaya ina gadin gara tana cin aikina. Ladan gaskiya ke nan. Mai so ya zo ya karɓa.

Abu ɗaya na tambaye shi: daga ƙofar gidan zuwa asibitin da ake tiyata, nawa ne?

"Ba nisa, Baba. Kamar minti arba'in."

Na tashi na shiga ɗaki.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Minti arba'in.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

'Yata ta dawo daga makaranta ƙafafu a kumbure. Mota biyu take shiga zuwa, biyu dawowa, yara casa'in da biyu a aji. Ta zauna a kujerar ƙofar kicin ta zare takalmi kamar mai ɓare ayaba, ta ce, "Yau na koyar da raba lamba, ni kaina aka raba."

A kan tebur akwai takarda da ta ja wa layi a tsakiya. Dama ta rubuta Tafiya, hagu Zama. Ƙarƙashin Tafiya abubuwa goma sha ɗaya: aikinsa, yara talatin a aji, ƙafa za ta kai ta makaranta, tsakar gida, iska, har da kaji. Ƙarƙashin Zama uku ne: asibiti kusa, ruwan famfo, Baba.

An sa ni layi ɗaya da famfo. Famfon ma ya riga ni.

Ta ce in bi su jibi mu ga wurin. "Kai ne mai ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Na ce masu wannan karin maganar su suka cika kotu da rigimar gona. Zan zo, amma da tef.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je wurin Mai Sarƙa. Shi ya ja min sarƙar awo tun ina sabon safiyo, ya tuƙa min motar ofis, yanzu yana zaune a ƙofar shagon ɗansa na ƙusoshi da fenti, gwiwoyi sun ƙi shi. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san ni da baƙin gashi.

Na ba shi labari. 

"Ƙaramin gari," ya ce.

"Haka suka ce."

"Kuma tana da ciki."

"Ban zo ka maimaita min ba."

"To me ka zo yi, Safiyo? Ƙusa za ka saya?"

Muka sha shayi. Da zan tashi ya ce, "Ka dai tuna, wannan ba wancan garin naku na da ba ne. Shekara talatin saura ɗaya, an yi hanyoyi." Na ce hanyoyin ni na zana rabinsu, na san yadda aka yi su.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

Mun je mun dawo. Zan rubuta yadda ake rubuta awo, ba ƙari.

Daga nan zuwa babban garin da asibitin yake: awa biyu da minti biyar, kwalta. Daga asibitin zuwa ƙaramin garin: kilomita ashirin da shida, burji, minti arba'in da uku a agogona. Yaron bai yi ƙarya ba.

Garin titi ɗaya ne. Kantin magani, injin niƙa, masu gyaran babur biyu suna fuskantar juna, ba wanda ke da aiki. Gidan yana da kyau. Ban so ya yi kyau ba. Akwai lemun tsami a tsakar gida, ya zubar da 'ya'ya ba mai tsinta. 'Yata ta cire takalmi ta taka ƙasa, ta ce, "Baba, ji."

"Me?"

"Ba komai. Shi nake so ka ji."

Na taɓa jin maganar nan daga wani bakin, a wata tsakar gida. Na fita na duba magudanar ruwan bayan katanga.

Kilomita tara daga garin, hanyar asibiti ta gangara cikin ƙorama. Babu gada. Siminti aka shimfiɗa a ƙasa, da turaku masu fenti gefe da gefe. Yashi ne busasshe, awaki na kwance a ciki. Da zuwa Likitan Awaki bai ko rage gudu ba. Da dawowa na ce a tsaya in miƙe ƙafa. Suka zauna a mota, ita tana gyangyaɗi.

Akwai wani mai facin taya a ƙarƙashin bishiya. Ya ga ina leƙen turakun, ya ce, "Tsoho, me ka yar?"

"Ruwa nake nema."

"Ka yi sammako da wata huɗu."

Na tambaye shi. Ya ce sau uku ko huɗu a shekara ruwan ke rufe simintin. Manyan motoci da tarakta suna wucewa, ƙanana su jira awa biyu, in ya yi yawa uku. Shekararsa goma sha biyar a wurin bai ga ya kwana ba. Na auna shatin laka mafi tsawo a turaku uku: hamsin da takwas, sittin, sittin. Santimita.

Dokar littafin awo tun ranar da na fara aiki: abin da idona ya gani, tawada. Abin da aka faɗa min, fensir. Ba a gogewa. Na sa sittin da tawada, na sa awa biyu zuwa uku da fensir.

A mota ta farka ta ce, "Nawa, Baba?" Na ce sai na duba lissafin.

Babu wani lissafi.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Sun tambaye ni bayan karin kumallo. Suna zaune kusa da juna kamar masu jiran sakamakon jarrabawa.

Na ce, "Mita biyu. Kuma yakan yi kwana biyu bai janye ba."

Haka ya fito, sumul, kamar na shekara ina yi.

Likita ya ce, "Amma Baba, wanda ya kai ni wurin ya ce ba wani abu ba ne, ya ce..."

Ta dafa hannunsa. "In Baba ya ce mita biyu, mita biyu ne. Mutumin da ya zauna da gara shekara goma sha ɗaya a kan mita huɗu."

Ta ɗauko takardarta, ƙarƙashin Zama ta ƙara layi na huɗu. Ta ja masa layi biyu.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Ban ci abincin rana ba. Zafi ne.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Suna rigima ta bayan bango. Rigimar masu ilimi, ba ɗaga murya, sai ƙarar kwanuka. Shi ya ce ya tafi shi kaɗai ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Ita ta ce ba ta yi aure don ta riƙa ganin miji kamar albashi ba. Ya ce su je, in lokaci ya matso ta dawo. Ta ce jariri ba ya duba kalanda, in ya zo da wuri fa, ko in bayan nan zazzaɓi ya kama shi ruwa ya tare hanya kwana biyu? 

Tana da gaskiya a duk abin da ta faɗa. A kan lambar da na ba ta take gini, kuma ginin daidai yake. Na koya mata da kyau.

Abin da na yi don ita na yi. Na rubuta wannan don ya zauna a rubuce.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Yayata ta zo. Ita ta raini yarinyar har ta shiga makaranta, don haka take shigowa gidan nan ba sallamar kirki. Tun daga ƙofa: "Ina Marka? Marka, fito in ga cikin."

Ita kaɗai ke kiranta da sunan nan. Ni ban taɓa ba.

Da suka gama ƙus-ƙus ɗinsu ta same ni a ɗaki ta zauna a bakin gado ba a ba ta ba. "An ce ka auno musu ruwa."

"An sa ni."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma shi kaɗai yake gudu, ba ya ɗaure ƙafar mutane ya ja su."

Na ce ban san ta yi karatun awo ba.

"Ban yi ba. Karatunka na yi, tun kana tsirara."

Ta bar min lemo biyu a kan tebur ta tafi. Har yanzu suna nan.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Don ita na yi.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ban yi niyyar faɗa wa Mai Sarƙa ba. Shi ya tambaya, na ba shi lambar da na ba su.

Ya ajiye kofi. "Mashigin siminti ne mai turaku?"

"E."

"A jikin turke ka ga shatin?"

"E."

"Safiyo, turakun nan mita ɗaya ake yin su. Ni na sha riƙe maka tef a jikinsu."

Na ce a bishiya na auna.

"Wace bishiya?"

"Sha shayinka."

Ya sha. Wata mata ta zo sayen makulli, ɗansa ya sallame ta. Na ɗauka maganar ta mutu. Sai ya ce, yana kallon ƙafafunsa, "Waccan ranar ma bai kai mita biyu ba. Iya ƙugu ne. Ni na shiga na gwada."

"Ban tambaye ka ba."

"Awa huɗu da minti goma. Kai ka faɗa min, agogon yana hannunka."

Na ce masa tsufa ya sa shi surutu. Ya ce ni kuma ya sa ni abin da mai tumbi ya kasa sa ni.

Ban yi masa sallama ba. Na dawo da ƙafa, taku dubu uku da ɗari biyu da wani abu. Na ɓata ƙirgar a wajen gidan mai.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya rubuta takardar ƙin karɓar aikin. Ya kawo min, da hannu biyu, wai in duba masa tunda alƙalamina ya fi nasa. "Ba na so su ga kamar raini ne, Baba. Mutanen sun yi min kirki."

Takarda mai kyau. Ya gode musu sau uku. Ya ce dalilai na iyali.

Na gyara masa waƙafi biyu.

Ya ce ranar Juma'a zai kai da kansa. Ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. Da ba ka je ba da mun afka." Ya yi min godiya. Sannan ya saka farar rigarsa ya koma wurin ƙuman karnuka, don yau aikin yamma yake.

Talata, ƙarfe shida da rabi na safe

Ta cire takardar Tafiya da Zama daga kan tebur. A tagar kicin akwai gwangwanin madara cike da ƙasa. Ashe ta tsinto lemun tsamin gidan can ta zo da shi a jaka. Tana zuba masa ruwa da cokali kafin ta fita neman mota.

Ba ta yi min fushi ba. Ta ƙara min sukari a shayi ma. Da ta yi fushi da na samu abin riƙewa.

Na samu abin da nake so. Suna nan. Ina jin takunsu, ina jin famfo, ina jin rediyonsa. Gidan bai taɓa yin shiru irin haka ba.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Na manta littafin awo a kan teburin cin abinci, inda take zama ta yi makin yara. Mantuwa ce. Mai shekara sittin da bakwai yana mantuwa.

Tun tana 'yar shekara tara take kwafe min littafin nan in na dawo daga daji, don rubutunta ya fi nawa tsabta. Ta san inda ake sa kwanan wata, ta san tawada, ta san fensir.

Na gan shi da zan fita. Ban koma ba, na riga na kulle ƙofa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Jiya ba ta yi maganar littafin ba. Yau ta dawo da wuri, mijinta ba ya nan. Ta shigo ɗakina da littafin, ta buɗe shafin, ta ajiye a kan gwiwata. Ba ta zauna ba.

"Baba, karanta min. Idona ya gaji."

Na ce ta iya karatu.

"Na iya. Bakinka nake so ya faɗa."

Na karanta. Hamsin da takwas, sittin, sittin.

"Da me aka rubuta?"

"Tawada."

"Mita biyun fa, a wane shafi yake?"

Na ce babu shi a littafi.

Ta zauna a ƙasa, da cikin nan nata, ta jingina da ƙofa. Ta ce, "Na hana mijina magana a gabanka. Na rufe masa baki da sunanka."

Sai na faɗa mata. Ban tsara ba. Na ce ba a asibiti aka haife ta ba, ko da takardar haihuwarta ta ce haka. A bayan motar ofis ne, a bakin wata ƙorama. Na ce ni na kai uwarta wancan garin, muna da shekara ɗaya da aure, ita tana ɗari-ɗari, ni ina da taswira. Da rani na auna hanyar. Ƙoramar a bushe take, na zana ta da ɗigo-ɗigo kamar yadda aka koya mana, ban sa ta a lissafi ba. Na ce wa uwarta minti arba'in ne, ta kwantar da hankalinta, mijinta safiyo ne. Na ce mun isa bakin ruwan da hantsi. Da ya janye, mu uku muka haye da rai: ni, da Mai Sarƙa, da ita jaririyar.

Ban taɓa faɗar wannan da baki ba. Gajere ne ashe. Bai kai minti biyu ba.

Ta ce, "Na sani."

Na dube ta.

"Gwaggo ta faɗa min ina aji ɗaya na sakandare. Ta ce in bari sai ka faɗa da kanka. Shekara goma sha bakwai ina jira." Ta share fuska da gefen mayafi. "Da muka gangara mashigin nan na ga hannunka a kan kujera. Ba barci nake ba. Shi ya sa da ka ce mita biyu ban tambaya ba. Na ce Baba ba zai yi wasa da ruwa ba, ko da zai yi da komai."

Na rufe littafin.

"Da ka ce mana tsoro kake ji, Baba, da ya fi mita biyu nauyi. Da wataƙila na zauna da kaina."

Na ce ban tabbata tsoron ruwan ne kaɗai ba. Na ce akwai ɗakunan baya.

Ta ce, "Wannan ma na sani. Shi ya sa muka nemi gida mai ɗaki uku."

Ta miƙe da kyar, ta riƙe ƙofa. Na kai hannu in taimaka, ta riga ta tashi.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Likita ya tafi da takarda. Ba wadda na gyara ba. Wannan bai kawo min in duba ba.

Ya gaishe ni kamar kullum, har da rusunawa. Ya daina cewa "Baba, me ka gani?" A da a kan komai yake faɗin haka, har a kan batirin mota, ina jin haushi.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Kwalaye a baranda. Ta rubuta wa kowanne suna da jan biron maki.

Sun tsara abinsu. In ciki ya shiga wata takwas za ta koma gidan yayar mijinta a babban garin, titi biyu daga asibitin, ta zauna har ta yi arba'in. Likita ya karɓi lambar mai tarakta da ta mai faci. Na ce ɗakinta na nan, ta iya dawowa nan ta haihu.

Ta ce, "Can ya fi kusa da shi, Baba. Auna ka gani."

Na auna. Ya fi kusa da kilomita ɗari da goma sha takwas. Babu inda zan kama.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kwana biyu ina zana musu taswira. Na ɓata takarda uku. Daga ƙofar gidan zuwa ƙofar asibiti, kowace kwana, kowane gangare, wurin mai faci, wata tsohuwar hanyar shanu da na gani ta hagu wadda ban bi ba, don haka fensir. Ƙoramar na ja ta da layi mai kauri, ba ɗigo-ɗigo ba. Da malaminmu na zane ya gani, da ya rage min maki. Ya rasu tuntuni.

Likita ya sake cewa ɗaki na uku yana nan. Ita tana naɗe labule, ba ta juyo ba. Na ce gida ba ya son a bar shi ba kowa. Ba wanda ya yi musu.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Sun tafi ƙarfe bakwai da minti ashirin.

Na ba ta taswirar. Ta buɗe a kan bonet ɗin mota, ta bi layin da yatsa har mashigin, ta tsaya. Ta ce, "Sittin." Na ce sittin. Ta naɗe ta sa a jaka. Na ba ta ƙaramin tef ɗina ma, na aljihu, ban san dalili ba. Ta ce, "Me zan auna?" Na ce labule.

Ta bar gwangwanin madarar a taga. Ta ce can akwai uwar bishiyar, wannan nawa ne, cokali uku da safe.

Da motar ta tashi na kira ta. Sunan da yayata ke kiranta na faɗa. Injin yana ƙara, ban sani ba ko ta ji.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin baya na farko mita uku da rabi a mita huɗu. Na biyu uku a uku. Na san haka, ni na gina su.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Cokali uku. Ba abin da ya fito.

Mai Sarƙa ya aiko ɗansa ya tambaya ko na mutu. Na ce a ce masa ban samu lokaci ba.

Likita ke kira, ranar Lahadi da jiya. Lafiya lau, an kawo masa saniya ta farko, ta take shi a ƙafa, yana murna. Ita tana aji, ko tana wanka, ko ta ɗan kwanta.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Ruwan farko. Hadarin daga wajensu ya taso, na tsaya a baranda na gan shi yana tahowa. Na duba agogo da ya fara, na duba da ya tsaya. Awa ɗaya da minti biyar. Ruwan farko ba ya cika ƙorama, ƙasa ke shanyewa. Na san wannan. Na koyar da shi.

Na ɗauki waya sau huɗu. Ban kira ba.

Asabar, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Saƙo ya shigo. Daga wayarta, ba tasa ba. Babu gaisuwa.

"Mun dawo daga awon ciki. Mashigi: santimita goma sha biyu a turke na tsakiya. Ni na auna. Mun wuce."

Na ɗauko littafin, na buɗe sabon shafi, na sa kwanan wata. Ban ga ruwan nan da idona ba. Shekara arba'in da ɗoriya dokar ɗaya ce, kuma fensirin yana nan cikin littafin, a fiƙe.

Na rubuta da tawada.